Ranar da Surukina Ya Shiga Akushina

Masu fito na Wudil ba su taɓa kiran kwale-kwalena jirgi ba. Akushi suke ce masa. In na sauko mashiga da safe zan tsallaka gonata ta fadama, sai wani ya ɗaga murya daga cikin babban jirginsa: "Ku ba mai akushi hanya, kar miyarsa ta zube!" A kwashe da dariya. Ni ma in yi yaƙe, don babu yadda zan yi, amma wallahi abin yana ci mini rai. Na san ƙarami ne, ba sai an gaya mini ba. Da icen maɗaci aka sassaƙa shi tun kafin a haife ni, gindinsa duk toshi ne na tsumma da ƙaro, kuma in na ɗora dami biyu na dawa sai in zauna a ɗosane ina salati har in kai gaɓa. Duk da haka nawa ne, kuma bai taɓa kifar da ni ba.

Wannan a shekarun hamsin ne, kafin mulkin kai. Lokacin ina magidanci sabon jini, na baro Kausani na zauna a Sabon Gari saboda kusa da ruwa. Irinmu manoma masu ƙananan kwale-kwale muna da ɗan dama, amma a wurin masu fito ba a lissafa mu cikin mutanen kogi.

Su kuwa suna da wata al'ada. In kaka ta yi, aka gama yankan gero, ruwa ya kwanta amma bai janye ba, sai su zaɓi ranar da ba ta kasuwa ba su fita yawon ruwa. Ranar ba fito, ba kaya, ba kamun kifi na sayarwa. Manyan jirage kawai za su jeru su gangara har wani tudun yashi da ke tsakiyar kogi can ƙasa, a gasa kifi, a dama fura, a yi wasa da dariya, a juyo kafin la'asar ta yi sanyi. Mu masu akushi sai dai mu tsaya a gaɓa mu yi kallo. Ni dai duk shekara in na ga sun sha kwana sun ɓace, sai in koma gida in nemi wanda zan yi wa faɗa.

Shugabansu shi ne Sarkin Fito, dattijo dogo siriri mai ƙarancin magana. Kuma surukina ne. Ba ma surukina kawai ba, 'yarsa ta fari nake aure. Wanda ya san mutanen dauri ya san abin da wannan ke nufi. Ita kanta bai taɓa kiran sunanta ba, balle ni da na ɗauke ta. In na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi tun daga nesa in durƙusa. "Baba, ina kwana?" Shi kuma ya kau da kai gefe kamar da katanga yake magana: "Lafiya lau. Ya mutan gidan? Madalla." Shi ke nan. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa sa loma a bakina yana gani ba, kuma bayan gaisuwa bai taɓa ce mini ko kanzil ba. Ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce, kuma mu a lokacin mun ɗauke ta da nauyi ƙwarai.

A shekarar da nake ba da labari, wani Alhaji ɗan kasuwar gyaɗa ya dawo daga kudu da injin jirgi. Ya ɗaura shi a bayan wani ƙaton jirgi, ya ja igiya, abin ya ɗauki ƙara. Tabɗi! Garin nan kaf ya sauko kallo. Alhajin ba mugu ba ne, hannunsa a sake yake, sai dai cika baki kamar me. In ya ratsa kogi, igiyar ruwan da yake tayarwa sai ta ɗaga kwale-kwalena ta maka, in yi ta kwalfe ruwa ina aika masa da baƙar magana da ba ya ji saboda ƙarar injinsa.

To wani abokina mutumin Achika, shi ma mai ƙaramin kwale-kwale, ya fi ni ƙarfin hali. Ya tara mu ya ce shi fa bana ba zai tsaya kallo ba. Suka tafi wurin Sarkin Fito su roƙa a tafi da mu. Ni ban bi su ba, ina zan iya tsayawa gabansa da roƙo? Da suka dawo abokina ya ba ni labari. Dattijon ya saurare su har ƙarshe, ya ce kogi ba gadon kowa ba ne, duk mai abin hawa ya zo. Manyan masu fito suka yi ca. Alhaji mai inji ya ce za mu ɓata musu rana ne kawai, gangarawa ba wuya, amma a dawowa sai an ɗaure mu an ja. Aka yi ta ja-in-ja. Daga ƙarshe aka tsaya a kan sharaɗi: mu zo bana a gwada. In ko mutum ɗaya daga cikinmu ya kasa dawowa da ƙarfin hannunsa har sai da aka jefa masa igiya, to maganar ta mutu, ba bana ba, ba baɗi ba. Sarki ya ce ya yarda.

Abokina ya gama labarin yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Ka ga, ba don komai ba, naka ne mafi ƙanƙanta. Ko za ka bari sai baɗi?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Au, kai ma? Jiya-jiya tare ake ce mana masu akushi, yau har ka samu wanda za ka raina? To ko a ƙoƙo ne sai na je!"

Na faɗa da zafi, amma da na koma gida jikina ya yi sanyi, don gaskiya ya faɗa. In aka jefa igiya, ni za a jefa wa. In ja wa mutanenmu a rufe musu ƙofa, kuma a gaban surukina. Maiɗakina ta ga na kasa zama na kasa tsaye. Ta ce, "Kai dai ka toshe jirginka da kyau ka tafi. Baba ba ya cewa a zo don a ji kunya." Ranar tafiya ta dama mini koko da sassafe, na ɗaga ƙoƙon na ajiye. Ko kurɓa ɗaya ban iya yi ba.

Da hantsi mashiga ta cika. Manyan jirage sun jeru an wanke su tas. Alhaji ya shimfiɗa darduma a nasa har da matashi, ya tsaya yana washe baki, don ya riga ya gaya wa kowa cewa bana a jirgin inji Sarki zai zauna. Mu kuma muna can ƙarshe a raɓe cikin ciyawa. Sai ga dattijon ya sauko da farar riga da rawani, da ɗan ƙunshi a hannu. Ya amsa gaisuwa. Ya wuce jirginsa. Ya wuce na Alhaji, ya ce masa, "Allah ya yi albarka, shimfiɗa ta yi kyau." Ya ci gaba da tafiya a bakin ruwa har ya iso inda muke. Ni tuni na durƙusa a cikin laka, kaina a ƙasa. Ban ankara ba sai na ga ƙafarsa a cikin kwale-kwalena. Ya tattare riga, ya naɗe dogayen ƙafafun nan nasa, ya zauna a gaba ya ba ni baya.

Kowa ya zuba mana ido. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Suruki da mijin 'yar fari a cikin abin da ko miƙe ƙafa ba a yi sai an taɓa juna, kuma wuni guda? Ba a taɓa yi ba. Alhaji ya ce, "Haba Sarki! Wannan ai sai ya nutse da kai." Dattijon ya ce, "In ya nutse kun tsamo ni."

Sai daga baya na gane abin da ya yi. A yawon ruwa, jirgin da Sarkin Fito yake ciki shi ne a gaba, babu mai wuce shi, babu mai tayar masa da ruwa. Da ya zauna a na Alhaji, da inji ne zai yanka gaba, manyan jirage su bi da ƙarfi, mu su bar mu a baya muna shan igiyar ruwa. Yanzu kuwa kowa dole ya yi tafiyar mafi ƙanƙanta. Ya san sarai kwale-kwalen wane ne. Ya ajiye kunyarsa ne a gaɓa saboda mu, kuma mutum irinsa wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Na shiga na ɗauki filafilin tuƙi. Ya za a yi ya ba ni umarni alhali ba ma magana? Sai na ji ya ɗan bubbuga gefen kwale-kwalen da tafin hannu ya ce, "To, jirgi, bismillah. Mu je a hankali." Da jirgin yake magana, ba da ni ba. Haka muka yi tafiyar nan. "Jirgi, ɗan karkata dama, akwai kututture." In karkata. "Jirgi, kar ka yi gaggawa, ba mai korarka." In sassauta. Nauyinmu ya sa toshin gindin ya fara tsattsafo da ruwa. Sai ya ɗauki ƙoƙon da nake kwalfewa da shi ya kama aiki. Sarkin Fito guda, da rawaninsa, yana kwalfe ruwan akushina.

Gangarawa ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa wuce gonata ba a ruwa sai ranar. Na ga giyayya ta sunkuyo a gaɓa, na ga zalɓe a tsaye yana jiran rabonsa, mata masu wanki a ƙauyukan bakin ruwa suna ɗago kai suna nuna mu. Ga ni a gaba, ga manyan jirage a jere bayana. Injin Alhaji bai saba da tafiyar hawainiya ba, ya yi ta tari yana mutuwa, har ya gaji ya kashe shi ya ɗauki gora yana tokarawa da kansa. Mutanenmu suka samu abin yi. Abokina ya ɗaga murya: "Alhaji, ko a jefo maka igiya?" Aka yi dariya har da shi Alhajin. Na ga kafaɗar dattijon tana motsi, na san shi ma dariyar yake yi.

Muka isa tudun yashi rana ta take. Aka hura wuta, aka jera karfasa da tarwaɗa, ƙamshi ya cika wurin. Masu fito da masu akushi suka zauna wuri ɗaya, ana miƙa wa juna ludayi. A nan matsalata ta taso. Tudun nan fili ne fetal, ko ciyawar da za ta ɓoye akuya babu. Duk inda na zauna, surukina yana iya ganina. Aka turo mini kifi na ce na ƙoshi. Aka miƙo fura na ce sai an jima. Abokina ya matso ya ce a hankali, "Kai, ka ci mana, juya baya kawai." Na ce, "Kai za ka iya?" Ya koma wurin zamansa, don shi ma yana da suruki. Yaran yanzu in na ba su labarin nan sai su ce wauta ce. Su faɗi abin da suke so. Ni har yau ban ga yadda za a yi in tauna abu mahaifin matata yana zaune a fili ɗaya da ni ba.

Bayan azahar aka juyo. Yanzu ruwa ne ke ture mu. Da farko na yi ta maza, ina tuƙi da ƙarfi, dattijon yana kwalfewa. Ba a daɗe ba na fara ganin duhu-duhu. Hannuwana suka yi nauyi, gumi mai sanyi ya karyo mini. Na sa ido a kan wata kanya da ke gaɓa, na yi tuƙi, na yi tuƙi, na ɗago kai na ga kanyar tana nan inda take. Na sake yi, sai na ga ta fara wuce ni ta gaba. Baya muke yi.

Jirgin Alhaji ya matso har ina jin warin mansa. Ya miƙe da igiya a naɗe a hannu. Ba da izgili ya yi maganar ba, tsakani da Allah tsoro ya ji. Ya ce, "Sarki, mutumin nan ya gaji. A karɓi igiya kar a yi asara." Na waiwaya na ga mutanenmu duk sun daina tuƙi suna kallona. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na ji kamar in faɗa ruwan in huta.

Dattijon bai ko kalli igiyar ba. Ya ce, "Alhaji, riƙe abarka tukuna. Ni ne nake so in kewaya. A tsaya a gaɓa." Wa zai hana Sarki kewayawa? Na lallaɓa da sauran ƙarfina na kai mu bakin wata ciyawa mai tsawo, sauran jirage suka raɓa suka tsaya. Ya dafa gefe ya miƙe da ƙyar, ya fita. Kafin ya tafi ya ajiye ƙunshin nan da ya zo da shi a inda ya tashi, ya bubbuga katakon ya ce, "Jirgi, ga wannan. Zan daɗe. Kar in dawo in tarar da shi." Ya shige ciyawa, ya yi nisa har muka daina jin motsinsa.

Na kwance ƙunshin. Dambu ne da ƙuli-ƙuli na guzurinsa, ga kuma rabin karfasa gasasshiya a sama, wadda aka ba shi a tudun yashi. Ashe yana lura da ni tun can, ya rage nasa ya ɓoye. Na ci ina hawaye, ba na jin kunyar faɗa. Mutane suka kau da kai, wasu suka shiga gyaran abin da bai lalace ba. Alhaji ya dube ni ya girgiza kai, ya miƙo mini butar ruwansa ya ce, "Kai da ka faɗa tun ɗazu yunwa ce. Sha, kar ka shaƙe."

Dattijon ya daɗe kamar yadda ya ce. Da ya dawo bai dubi inda ƙunshin yake ba, ya naɗe ƙafafu ya koma mazauninsa cikin ruwan da ya taru. Ya ce, "Jirgi, bar tsakiya ga manya. Bi gindin ciyawa, nan ruwa ba shi da ƙarfi." Na bi. Mutanenmu suka biyo sahuna ɗaya bayan ɗaya. Ba zan ce da sauƙi ba. A kwanar da ke kusa da gari ruwa ya taso mana sosai, tafin hannuna ya fashe, kwale-kwalen yana shan ruwa ta gindi da ta baki. Shi kuma ƙoƙo bai bar hannunsa ba, kwalfewa yake ba hutawa, rigarsa ta jiƙe har ƙirji. Ina jin yana cewa ƙasa-ƙasa, "Yauwa jirgi. Saura kaɗan. Yauwa." Da wannan muryar na sha kwanar.

Da hancin kwale-kwalena ya taɓa yashin mashiga, mutanen da ke jira a gaɓa suka ɗauki sowa. Na waiwaya na ga ƙananan kwale-kwale suna isowa, kowa da filafilinsa a hannu, babu wanda aka ja. Alhaji ya jefa igiyarsa cikin jirgi ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "To masu akushi, kun ci. Baɗi ma da ku, amma don Allah ku karya kumallo kafin ku fito!" Abokina ya yi tsalle ya faɗa ruwa da rigarsa don murna.

Sai dai ba mai sauka kafin Sarki ya sauka, shi kuwa bai motsa ba. Aka jira. Ya dafa gefen kwale-kwalen ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, ya koma. Wunin da ya yi a naɗe cikin ruwan sanyi ya riƙe masa gwiwoyi, ƙafafun sun ƙi miƙewa. Sowa ta mutu. Alhaji ya diro cikin ruwa, manyan masu fito suka taho da gudu za su kama shi. Ya ɗaga musu hannu, suka tsaya.

Sannan ya juyo da kansa a hankali ya dube ni. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa ganin ƙwayar idonsa ba sai ranar. Ya ce, "Ɗana, kai ka kawo ni. Zo ka ɗaga ni."

Na shiga ruwa na sa hannu ƙarƙashin ƙafafunsa. Gwiwoyin sun kumbura suntum, da na taɓa sai da ya cije leɓe. Ya saƙalo hannu a wuyana, na ɗauke shi cak, ba shi da nauyi ko kaɗan. Mutane suka dare suka ba mu hanya. Na hau gaɓa da shi, ruwan rigarsa yana zuba a ƙirjina, ban sauke shi ba sai a ƙofar zaurensa.